Ƙodar da Ta Tona Mini Asiri a Gidan Biki

Sau bakwai na durƙusa haihuwa, ko sau ɗaya maƙwabta ba su ji muryata ba. Sai dai su tsinkayi kukan jariri su aiko tambaya ko baƙi muka yi. Da wannan na yi ta taƙama shekara da shekaru. In aka ce wance tana can tana naƙuda tana kiran uwa da uba, sai in taɓe baki in ce, "Matan yanzu ke nan, ko ƙaya ce ta soke su sai gari ya sani."

Ba laifina ba ne, haka aka raine ni. A rugar da aka haife ni, can bayan Kafin Dafga, mace ba ta kuka don ciwo. Kunama ta taɓa harbin Innarmu, Allah ya jiƙanta, tana cikin tatsa, ba ta saki saniyar ba sai da ƙwarya ta cika, sannan ta ce a miƙo mata takalmi. Da wannan filakon aka kawo ni gidan miji a Karaye. Fillancin bakina ya zame a hankali, har na koma in an yi mini sai in amsa da Hausa, amma taurin kan yana nan inda yake.

Sana'ata girkin biki. In za a aurar da 'ya ko a yi suna, daga Karaye har ƙauyukan Kwanyawa, ni ake kira in tsaya a kan tukwane. Ina da baki, ban musa ba. Wadda za ta juya buhun shinkafa a wuta, da taron mata a ƙarƙashinta kowace da ra'ayinta game da gishiri, in ba ta da baki sai a ci ɗanye. Maigidana kuwa, Malam, ruwan randa ne. Yana cikin dattawan da ke zama ƙofar dagaci ana sasanta rikicin iyakar gona da ɓarnar shanu, kuma a wurinsa babu matsalar da "a yi haƙuri, a dawo jibi" ba ta magancewa.

To, a bazarar da ƙanena zai aurar da 'yarsa ta fari a wani ƙauye gaba da Rogo, abin ya faro mini kamar wasa. Na shiga bayi da safe, sai na ji kamar da ruwan barkono nake fitsari. Na fito ina tunanin ko yajin da na daka jiya ne bai fita a hannuna ba. Ban kai ga ɗora ruwan koko ba na sake jin marata ta cika fam. Na koma da sauri, na tsuguna, sai 'yan ɗigon da ba za su jiƙa tururuwa ba, su ma da raɗaɗinsu. Kafin azahar na yi sintiri tsakanin madafa da bayi har kajin gidan suka gaji suka daina matsa mini hanya.

Sai wata hikima ta faɗo mini, kuma a lokacin gani nake ba wanda ya kai ni basira. Tunda fitsari ne ke zafi, ruwa kuma shi ke kawo fitsari, ai sai in daina shan ruwa. A bazarar Karaye fa, a gaban murhu. Na ɗora wa kaina azumin da ba lada.

Mutum ɗaya na gaya wa, Adda, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu, tana zaune a bayan layinmu, kuma tun da ta fita takaba ta zama likitar unguwa ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ban rufe baki ba ta ce, "Sanyi ne. Wace mace ce ba ta da shi?" Ta kawo mini jarka guda ta jiƙon saiwoyi da jar kanwa, mai ɗacin da zai sa maye ya tuba. Ta ce in sha safe da yamma, in kuma dafa bagaruwa in zauna a ciki. Na sha, na zauna. Ribar da na ci ita ce zanina ya rine.

Fitsarin ya canza kama. Ya yi duhu, ya yi gurɓi-gurɓi kamar ruwan kududdufi bayan shanu sun shiga, ga wani wari da ni mai shi ma sai na kau da kai. Wata safiya na ga kamar da jirwayen jini. Na kwarara ruwa na kore shi da sauri, wai in ban duba da kyau ba bai faru ba.

Daga nan ciwon ya tattara ya yi ƙaura daga mara. Ya hau ya samu wuri a bayana ta dama, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, daidai inda mace ke dafawa in za ta yi masifa. Ba irin ciwon bayan da na sani ba ne na ɗaukar tukunya, wanda in yaro ya taka maka ko ka yi miƙa sai ya saki. Wannan a ciki yake, can ƙurya, kamar an tura taɓarya ana murzawa a hankali ba gaggawa. In na kwanta ta dama yana nan. In na juya hagu yana nan. In na yi ruf da ciki sai ya gangaro ta kwiɓi ya sauka har mara, ya sake hawa. Ba ya hutun sallah, ba ya na cin abinci.

Ana jibi biki, da rana tsaka, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, sai sanyi ya rufe ni. Ban taɓa jin irinsa ba. Haƙorana suna haɗuwa kaf-kaf-kaf, gadon ƙarfe yana amsa musu. Na janyo bargo, na ƙara da darduma, na sa aka jibga mini duk zannuwan da ke kan igiya. Malam ya dawo daga ƙofar dagaci yana fifita da hula, gumi har gemu, ya tarar da tulin kaya yana rawa a kan gado.

Ya ce, "Wa ke cikin nan?"

Na ce, "Matarka ce, abin da ya rage."

Ya lalubo goshina ya janye hannu da sauri. "Subhanallahi! Ai sai a gasa masara. Zazzaɓin sauro ne. Ki yi haƙuri."

"Malam, sauron da ya ciji mutum a ƙugu ta ciki, wane irin baki gare shi?"

Ya saɓa riga ya tafi kemis. Ya dawo da leda, ga na zazzaɓi, ga na kashe zafi, ja da fari da ruwan ɗorawa. Na haɗiye su da koko, ba a jima ba suka dawo tare da kokon, har da rakiyar abin da na ci shekaranjiya. Ƙarar aman ce ta jawo Adda. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare mini kallo da ido ɗaya a kanne.

"Ciwon baya, amai, yawan fitsari," ta lissafa da yatsu. "Ke, ba dai..." Ta nuna cikina da haɓa.

"Adda, jika gare ni fa."

"Jika ya taɓa hana wa?" Sai ta juya ga maigidana. "Malam, sannu da ƙoƙari."

Bawan Allah ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya ce ana jiransa a masallaci, alhali ko kiran la'asar ba a yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, da ya kai bakin zaure na hango shi yana gyara zaman hula yana murmushi.

Washegari maganin kashe zafin ya zauna, zazzaɓin ya lafa, na ce shi ke nan na warke. Malam ya ce, da irin muryarsa ta sulhu, "Da dai an bari an ga likita tukuna." Na ce masa ni ce goggon amarya, ni ce uwar tukwane, in ban je ba wa zai dafa? Matar ƙanena, wadda ko ruwan zafi ta ɗora sai ya kama? Ya ce to, shi zai biyo ayarin maza ranar ɗaurin aure.

Wanda zai kai mu da tukwane surukina ne, mijin 'yata ta fari, mai akori-kura. Tun da ya auri yarinyar nan ba mu taɓa haɗa ido ba. Daga zaure yake cire takalmi, ya tsuguna nesa ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ni kuma in amsa ina kallon bango. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Ranar aka ce saboda jikina in shiga gaba, Adda a tsakiya ta raba mu.

Kan kwalta da sauƙi. Amma da muka wuce Rogo muka sauka hanyar ƙauyen, na san Allah ɗaya ne. Duk ramin da taya ta faɗa, sai in ji kamar an ɗaga taɓaryar nan an sauke ta a wuri guda. Tukwane na kururuwa a baya, ni ba dama in yi ko nishi, suruki na zaune. Na cusa gefen hijabi a baki na cije. Shi kuma duk rami sai ya ce, "Sannu Umma," idonsa a kan sitiyari. Rami, "Sannu Umma." Rami, "Sannu Umma." Da muka isa, gefen hijabin ya huje.

Ranar ɗaurin aure tun da sassafe aka hura wuta a bayan gida. Na sa aka kifa mini turmi na zauna a kai, ina dafe da ƙugu ina ba da umarni. Matan suka ɗauka tsabar mulki ne. Sanyin ya dawo, ina gaban wutar da ke lasar gindin tukwane amma ina karkarwa. Duk da haka idona na kan babbar tukunyar shinkafa, kuma na ga wadda ke juyawa shafa ta kawai take ta sama, ƙasa zai kama. Na ce ta ba ni nan. Na miƙe, na karɓi muciya, na sunkuya, na danna.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Wuta ce ta tashi daga ƙuguna ta cika mini ido. Na ji wata mace tana kurma ihu, ina mamakin wace mara kunya ce wannan a gidan mutane, ashe ni ce.

"Wayyo Inna am! Mi maayi!"

Wato wayyo uwata, na mutu. Fillancin da na yi shekaru ban furta ba, shi ya fara fitowa, kuma Innar da nake kira ta daɗe a ƙasa. Na faɗi na yi birgima cikin toka, ɗankwali gabas ni yamma. An ce na haɗa da wasu kalmomin da makiyaya ke gaya wa saniyar da ta shiga gonar mutane. Ban tuna ba, amma tsofaffin da suka ji Fillanci sun daɗe ba sa iya kallona ba su yi dariya ba.

A ƙofar gida liman ya ɗaga hannu ke nan za a shafa fatiha. Maroƙi ya haɗiye kirarinsa. Wasu suka ce gobara ce, wasu suka ce sa ne ya tsinke.

A ciki kuwa mata sun yi mini rumfa. Wannan na tofa mini addu'a har da guntun goro, waccan na fifita, wata ta kawo garwashi da habbatussauda tana tura mini hayaƙi a hanci. Adda ta janye maganar ciki nan take, ta fito da sabuwa.

"Jifa ne! Wallahi jifa ne! Tun da aka hana wata girkin bikin nan na san ba za ta bari ba!"

Ana cikin gardamar malamin da za a kira, sai na ji muryar namiji a tsakiyar mata, abin da ba a yi. Surukina ne. Kansa a sunkuye kamar kullum, amma muryar ban san yana da ita ba.

"A kawo ta mota."

Adda ta ce, "Yaro, wannan ba na asibiti ba ne."

Ya ce, "Goggo, a kawo ta mota."

Aka kinkime ni kamar buhun dawa, aka shimfiɗa ni a bayan akori-kura inda tukwanena suka zauna jiya. Malam yana can cikin taron maza, kafin labari ya ratsa ya same shi mun yi nisa.

Likitan da muka tarar bai fi sa'an ɗana na biyu ba, siriri mai tabarau. Ya ce, "Mama, me ke damun ki?"

Na ce, "Jikin ne dai ba daɗi."

Adda ta ce, "Jifa ne, amma da sanyi a ciki."

Ya roƙi Adda ta ɗan jira a waje. Ta fita tana cewa ita ta goya ni, babu abin da ba ta sani ba a jikina. Ya juyo ya ce, "In kina fitsari yana zafi?"

Na kalli silin.

"Ya canza launi? Yana wari?"

Na ƙirga ƙusoshin silin. Yaro sa'an ɗana yana tambayata warin fitsarina, ina ganin ai gara a mai da ni cikin toka.

Ya ce, "Mama, wanda ya zo wanka ba ya ɓoye cibiya."

To, sai na kwance masa duka, tun daga barkonon farko har jarkar Adda. Da na zo kan hikimata ta barin shan ruwa, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya sa ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni, ya zagaya bayana. Ya ɗora tafinsa ta hagu, ya ɗan buga da ɗaya hannun. Ya ce da zafi? Na ce babu. Ya koma ta dama ya yi irin bugun, wanda ko jariri ba zai farka ba.

Hannuna bai yi shawara da ni ba. Sai dai na ji tas, na ga tabarau ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur.

Ya durƙusa ya lalubo abinsa, ya hure, ya ce, "To, mun gano wurin."

Ya yi mini bayani daga ɗan nesa. Ya ce ƙwayoyin cuta ne suka fara shiga mafitsara, shi ne zafin fitsarin nan da yawan zuwa bayi. A nan da an zo, da 'yan ƙwayoyin magani sun isa. Da aka bar su, aka kuma hana ruwan da zai riƙa wanko su, sai suka bi hanya suka hau sama har ƙoda. Zazzaɓin da karkarwar da aman duk daga nan ne. Ya ce jiƙon a ajiye shi, maganin kashe zafin nan ma ba kowanne ƙoda ke so ba, balle mara lafiya. Za a gwada fitsari da jini, a ɗauki hoto a ga ko da tsakuwa, kuma kwanciya ta kama ni tunda ba abin da ke zama a cikina.

Ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini wata 'yar kwalba, bakinta bai fi na tandun kwalli ba. Ta ce, "Ki fara zubar da na farko, ki tari na tsakiya." Na ce mata 'yar nan, ni da ke samun ɗigo da ƙyar, ina na ga na farko balle na tsakiya? Ga hannu na rawa. Yadda na yi a bayin nan tsakanina da Ubangijina ne. Na dai fito da abin da ya samu, na ƙudundune kwalbar cikin hijabi kamar na sato.

Sai ma'aikaciyar ta ɗaga murya. "Ina mai jinyar Mama? A kai wannan ɗakin gwaji."

Na waiga. Adda ta yi fushi ta tafi alwala. Malam bai iso ba. Mutum ɗaya ne tsugune a jikin bango.

Ya taso, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabana, ya miƙo hannu biyu kamar zan ba shi goron sallah. Na kalli bango, na saka masa kwalbar, da ɗuminta. Kuma saboda bakinsa ya saba, bawan Allah ya ce, "Na gode, Umma."

Da ƙasa tana da ƙofa, da na shige na ja ta.

Aka ba ni gado, aka ɗaura ruwa, aka shiga zuba allurai ta hannu. Kashegari 'yan biki suka juyo gaba ɗaya suka zama 'yan dubiya, da lallensu da ankonsu. Suka cika ɗakin, suka buɗe kwanukan da aka kawo mini, suka ce bari su taya ni tunda ba na iya ci. Suna ci suna ba ni labari.

"Ƙoda? Innalillahi. Haka ta faro wa mijin ƙanwar maƙwabciyarmu, daga ciwon baya."

"Ya warke?"

"Ina fa. Aka yi ta jigilar wankin ƙoda Kano, har ya kumbura ya cika."

"Ai ita ƙoda ba ta da alƙawari. Miƙo mini ƙashin nan."

Ina kwance ina jin su, na rufe ido kamar mai barci. A nan ne tsoro ya kama ni, na gaske, wanda ba dariya a cikinsa. Ban san bambancin nawa ciwon ƙodar da na mutumin ba, ni dai na ji an ce ƙoda. Na tuna autata da ba ta gama makaranta ba. Na tuna ban taɓa nuna wa kowa yadda nake haɗa yajin miyata ba. Hawaye ya gangaro ya shiga kunnena.

Malam yana zaune a kujerar roba a gefe tun da ya iso. Ashe ya ga hawayen. Sai na ji ya miƙe.

"Dubiya kuka zo ko ta'aziyya?"

Suka tsame hannu daga kwanukan.

"In ta'aziyya ce, ba a yi rasuwar ba tukuna, za a aiko muku. Ku ɗauki kwanukanku. Namu kuma ku ajiye."

Mutumin da ko akuya ta ci masa shuka sai ya ba ta haƙuri. Suka fita sumum-sumum suna laluben takalma. Ya dawo ya zauna, ya zuba ruwa a kofi ya kai mini baki. Ya ce, "Sha." Na sha. Ya sake cikawa.

Da likita ya zo zagaye na tambaye shi kai tsaye, ba kallon silin, ko ni ma wankin ƙodar za a yi mini. Ya ce a'a. Hoto bai nuna tsakuwa ba, gwajin jini ya nuna ƙodar na aikinta, ciwo ne ya kama ta ba mutuwa ta yi ba, kuma maganin da ake zuba mini yana kashe irin ƙwayoyin da aka gani. Ya ce amma da na ƙara jinkiri, cutar na iya shiga jini ko ta bar wa ƙodar tabo, a nan ne ake shiga uku. Duk wannan bayanin daga ƙarshen gado ya yi shi, inda hannuna ba ya kaiwa.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Aman ne ya fara tsayawa. Sannan wata la'asar gumi ya karyo mini har katifa ta jiƙe, na ji kaina ya yi sakayau kamar an sauke mini tulu. Taɓaryar ƙugun ta koma muciya, muciyar ta koma tsinke. Ran nan na lallaɓa bayi ina jan sandar ƙarin ruwa, na tsuguna na runtse ido ina jiran barkono, sai na ji shiru. Ruwa kawai, mai yawa, fari tas, yana tafiya abinsa. Wallahi na daɗe ban ji daɗin wani abu a duniya kamar wannan ba. Na fito na ce, "Malam, albishirinka. Na yi fitsari ba zafi." Ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala da ƙarfi, har matar gadon kusa ta ce Allah ya raya.

Aka sallame ni da ƙwayoyi, aka ce in shanye su tas ko na ji garau. Da na ji garau ɗin kuwa na so in ajiye sauran saboda gaba, don ban ga dalilin ɓarnar magani a jikin mai lafiya ba. Malam ya ƙwace ledar ya sa a aljihun babbar riga. Da ita yake zuwa ƙofar dagaci, in lokaci ya yi ya bar masu rikicin gona a tsaye ya taho gida, ya tsaya a kaina sai ya ga maƙogwarona ya motsa.

Bayan na murmure, amarya ta zo gaishe ni, Adda ma tana nan. Adda ta riga ta ba duk unguwa labarin yadda ina faɗuwa ita ta fara tare ni, da ba don ita ba da kaina ya bugi murhu. Amarya ta ce, "Goggo, kin san kin fito a bidiyon bikina?" Ashe wata ƙawarta tana ɗaukar masu girki da waya a daidai lokacin.

Muka haɗa kai a kan wayar. Ga ni nan kan turmi ina nuna mutane da yatsa. Ga ni na karɓi muciya. Sai ihun, wanda ko a 'yar wayar nan sai da akuyar gidanmu ta ɗaga kai. Ga ni cikin toka, mata na gudowa ta ko'ina.

Na ce, "Dakata. Mai da shi baya kaɗan."

Ta mayar. A gefen hoton, ga Adda. Ta ji ihun, ta waigo, ta gan ni a ƙasa. Sai ta juya ta nufi tukunyar nama. Ta rufe ta, ta ɗora dutse a kan murfin, ta jawo wata tsohuwa ta zaunar da ita gadi. Ta gyara ɗaurin zani. Sannan ta ɗora hannu a ka ta taho da gudu tana salati.

Na juyo na kalle ta. Ko gezau ba ta yi ba, tana ɓare gyaɗarta.

Ta ce, "To me? Ke kina da masu ɗaukar ki. Naman wa gare shi?"